Kawu ne ya koya mini gyaran mukayyif, yanzu otal na nemana: in tafi?

Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne ɗan shekara 26. A Makka aka haife ni, a Shara Mansur na tashi, amma fasfona na Nijeriya ne. Tun ina ɗan shekara 15, bayan rasuwar mahaifina, kawuna, yayan Umma, ya ɗauke ni shagonsa na gyaran mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) da firij. Shi yana da takardar ɗan ƙasa, igamata kuma, wato takardar izinin zamana a Saudiyya, a kan shagonsa take. Duk abin da na iya a hannunsa na koya: ɗaura sifilit (mukayyif mai inji ɗaya a ɗaki, ɗaya a waje), wanki, cika gas, sauya kwamfiresa, waldar bututun jan ƙarfe. Ba albashi yake ba ni ba, kaso ne daga abin da aka samu. Da zafi kuɗi na shigowa sosai, da sanyi kuwa sai mu wuni muna shan shayi.

Yanzu wani kamfani mai kula da wani babban otal kusa da Harami ya ce zai ɗauke ni mataimakin fanni, wato mai kula da injina, a ɗakin cila da boila, manyan injinan sanyaya ruwa da na dafa shi. Albashin bai kai rabin abin da nake samu a watan Yuli ba, ga wardiyyar dare, wato aikin kwana. Da na faɗa wa Kawu sai ya ce, "Ashe na raine ka ne don ka je ka zama mai gadin inji?" Tun ranar daga gaisuwa sai gaisuwa. Umma ta ce in yi haƙuri in zauna. Wani abu kuma, Baba, 'yarsa nake so, ita ma tana sona, manya sun lura amma ba a yi magana ba tukuna. Abokina ya ce doka ta ba ni dama in yi naƙalin kafala, wato in mayar da igamata kan kamfanin, ko Kawu bai yarda ba, in riƙa karɓar gyare-gyare ranar hutu in cike giɓin. Ina son aikin, amma ina tsoron a ce na yi butulci, ina kuma tsoron in je in tarar Kawu ne da gaskiya. Me ka gani?

Ɗanka, daga Makka.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya saka wa Kawu da alheri bisa riƙon maraya da ya yi.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba, ina ganin ka karɓi aikin. Amma ba ta ƙofar da abokinka ya nuna maka ba, ba kuma kafin kamfanin ya amsa maka wasu tambayoyi ba. Na daɗe ina wardiyya a ɗakin injinan wani asibiti a Jidda kafin gwiwa ta zaunar da ni, don haka daga cikin ɗakin nake maka magana.

Mu fara da maganar Kawu, tunda ita ce ta tsaya maka a rai. Kawu mu'allim ne, hannunsa ya san mukayyif, kuma a idon mai gyara, wanda ke zaune gaban allon kwamfuta yana rubuta lambobi a littafi bai yi kama da mai sana'a ba. Ban ga laifinsa ba. Sai dai abin da ke ƙarƙashin otal ɗin nan ba ƙaton sifilit ba ne. A sifilit gas ne da kansa ke zuwa ɗaki ta bututun jan ƙarfe. A babban gini ruwa ake sanyayawa a wuri ɗaya, a cikin cila, ya fito a kan digiri 6 ko 7, famfuna su tura shi ta manyan bututu zuwa kowane hawa, ya ratsa kwayil ɗin da fanka ke hura wa iska, ya kwashi zafin ɗakuna, ya dawo a kan wajen digiri 12, a sake sanyaya shi. Zafin da cila ta zare daga ruwan kuwa dole a zubar da shi waje. Ko dai manyan fankoki a saman gini su watsar da shi cikin iska, ko wani ruwan daban ya ɗauke shi zuwa hasumiyar huce ruwa, inda ake yayyafa shi iska na ratsawa, kaɗan ya bi iska, sauran ya huce ya koma. Zagayen gas ɗin da Kawu ya koya maka yana nan a cikin cila bai sauya ba, kuma babban jari ne za ka shiga da shi. Da yawa daga cikin masu zuwa da takardar makaranta sun san zanen a littafi, amma ba su taɓa dafa bututu da hannu suka gane gas ya yi ƙasa ba. Abin da kai ba ka sani ba shi ne ruwa, da wuta mai ƙarfi, da yadda injina da yawa ke jan juna a gini guda.

Ka dubi girman abin a garinku. Mukayyif ɗin da ka fi ɗaurawa tan ɗaya da rabi ne a ma'aunin ƙarfin sanyi, BTU 18,000. Tashar Shamiyya da ke sanyaya Masallacin Harami ƙarfinta tan 120,000, wato irin naka guda 80,000 a haɗe, ga tashar Ajyad da ta girme ta a shekaru suna aiki tare. A Madina, tashar da ke sanyaya Masallacin Annabi (SAW) tana nesa da masallacin da kimanin kilomita 7, ta ramin ƙarƙashin ƙasa ruwan sanyi ke zuwa ya koma. Alhajin da ya shigo daga rana ya ji sanyi ya ce alhamdulillahi bai san akwai waɗanda suka kwana suna duba geji dominsa ba. Kuma a ƙasar nan sanyi ba kwalliya ba ne. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukuma ta sanar da rasuwar mutum sama da 1,300, akasarinsu marasa tasrihi, wato izinin Hajji, da suka yi doguwar tafiya cikin rana. Ka ƙiyasta otal cike da tsofaffi masu ciwon suga da hawan jini, tagoginsa ba sa buɗuwa, cila ta tsaya da azahar a irin wannan rana. Wanda aka damƙa wa hana faruwar hakan ya wuce a kira shi mai gadi.

Amma kada in yi maka zaƙin baki. Sana'arka ta yanzu ita ce a kira ka bayan abu ya lalace, ka gyara, mai gida ya ji sanyi, ya biya ka, ya sa maka albarka. A can aikinka shi ne kada abin ya lalace, in kuwa zai lalace ka riga kowa sani. Ranar da ka fi yin ƙoƙari ba wanda zai san ka yi komai. Samari da yawa da suka fito daga gyaran titi wannan ne ke karya su, ba wahala ba. Sai su ga dare ya yi tsawo, ba abin da ya faru, su fara kallon waya, kusa da asuba su kwafe lambobin jiya a littafi su sa hannu.

Littafin nan shi ne sana'ar. Duk awa ɗaya ko biyu kana zagayawa kana rubuta zafin ruwa mai fita da mai dawowa, matsin gas, matsin mai, wutar da kwamfiresa ke ja, ruwan da ke shiga hasumiya da wanda ke fita. Kamar katin majinyaci ne a gefen gado, lambar yau ita kaɗai ba ta faɗa maka komai, sai ka jera ta da ta makon jiya. Idan ruwa na fita a 7 yana dawowa a 9 maimakon 12, to yana zagaye a banza bai ɗauko zafi ba: wataƙila wani bawul ya maƙale a buɗe, ko kwayil sun toshe da ƙura, famfuna na ta cin wuta ba amfani. Idan tazarar da ke tsakanin zafin gas a kondensa (ɓangaren cila da ke zubar da zafi) da na ruwan da ke fita daga cikinta tana ƙaruwa kaɗan-kaɗan cikin watanni, ƙananan bututun ciki sun yi datti, lokacin wanke su da burushi ya yi. Wanda ya ga wannan a watan Maris ya nemi a yi wankin kafin zafi ya kama, ya tsare otal daga tsayawar watan Yuli. Kunne ma na aiki. Boris ɗin famfo yakan sauya murya makonni kafin ya ci, kai kuwa da ka shekara goma sha ɗaya kana sauraron kwamfiresa, kunnenka ya riga ya horu. Akwai kuma lissafin wuta. Tun da aka ƙara kuɗin lantarki a farkon 2018 masu manyan gine-gine suka buɗe ido, domin sanyaya gini ne ke cin kaso mafi tsoka na takardar wutarsu. Mai wardiyyar da ya san yaushe zai kashe cila ta uku bayan alhazai sun fita Harami, ko ya ɗaga zafin ruwa da digiri ɗaya da dare ba wanda ya yi ƙorafi, manaja na sane da shi ko bai faɗa ba.

Ɓangaren boila shi ne baƙo gare ka gaba ɗaya, kuma ina so ka shige shi da tsoro. Mutum zai ce me za a yi da ɗumama a Makka? Otal na buƙatar ruwan zafi a ɗaruruwan banɗakuna a lokaci guda, musamman kafin asuba, ga tururi na ɗakin wanki da guga da na kicin. Asibiti kuma da tururi yake tsarkake kayan tiyata. In rabo ya kai ka Tabuk ko Ha'il ko Abha, za ka ga ginin da ake ɗumamawa da hunturu. Boila tukunya ce mai wuta a ciki da matsi a kanta. Babban haɗarinta ƙarancin ruwa: idan ruwa ya sauka ƙarfe ya yi ja, wani mai gaggawa ya buɗe mata ruwan sanyi, tana iya tarwatsewa ta tafi da ɗakin da wanda ke ciki. A irin wannan hali wuta ake kashewa, a ja da baya, a kira babba. Gilashin da ke nuna matakin ruwa, da bawul ɗin da ke sakin matsi idan ya wuce iyaka, ba a wasa da su, ba a kuma ɗaure su don ƙararrawa ta dame ka. In wani ya ce maka "haka muke yi a nan", ka rubuta a littafi cewa kai ba ka yi ba.

Sauran haɗurran ma ba irin na shago ba ne. Manyan cila wasu da volt 4,160 suke aiki, wasu tashoshin ma wutar 13,800 ke shigo musu. Kafin ka sa hannu a inji, ka kashe, ka sa kwaɗonka a kan makunnin, makulli na aljihunka, ka gwada da mita ka tabbatar ba wuta. Gas ɗin da kake saki a baranda iska ta kwashe, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya fi iska nauyi, yana kwantawa ƙasa ya kori iskar numfashi, mutum ya faɗi bai ji warin komai ba. Ruwan hasumiya kuma, da yake ɗumi-ɗumi ne, idan aka yi sakaci da maganinsa ƙwayar cutar Legionella na hayayyafa a ciki, feshin ya bi iska mutane su shaƙa, ta kama huhu. A farkon 1977 aka gano ta, bayan ta kashe wasu mahalarta wani taro a wani otal a Philadelphia ta Amurka a 1976. Saboda haka gwajin ruwa da zuba magani, da sababbin yara ke ɗauka aikin leburanci ne, rai ne a hannunka.

Yanzu kuɗi. Ka yi wa kanka rashin adalci da ka auna albashin da watan Yuli. Ka zauna da biro ka tuna abin da ya shigo aljihunka wata goma sha biyu da suka wuce, har da watannin shan shayi, ka raba gida goma sha biyu. Da wannan za ka auna. A ɗaya gefen kuma ba tsurar albashi za ka ɗora ba. Ka haɗa kuɗin gida da na mota in suna bayarwa. Dokar ƙwadago ta ɗora wa mai ɗaukar aiki kuɗin igama da na izinin aiki, inshorar lafiya ma a kansa take, ga rajistar ta'minat da ke biyan diyya idan ka ji rauni a bakin aiki. Awa 8 ne a rana, 48 a mako, da azumi a rage wa Musulmi zuwa 6 a rana, abin da ya ɗoru a kai kuma ana biyan kowace awa da ƙarin rabin kuɗinta na asali, kuma a lokacin Ramadan da Hajji otal ɗin Makka ba ya rasa ƙarin awoyi. Hutun shekara kwana 21 ne da albashi, ya koma 30 bayan shekara biyar. Sai haƙƙin ƙarshen aiki: albashin rabin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, cikakken wata a kan kowace shekara bayan nan, ko da yake wanda ya ajiye aiki da kansa kafin shekara biyu ba ya samun komai, kafin goma kuma ba ya samu cikakke. A shagon Kawu, ranar da ka zamo daga tsani kana ɗaura injin waje a hawa na uku, Allah ya kiyaye, kason ranar ya tafi, na watan ma ya tafi. Kuma ka dubi Kawu da kyau, ka tambayi kanka ko a shekarunsa kana so ka kasance kana saɓa kwamfiresa a kafaɗa cikin ranar Agusta.

Mai neman aure kuma ya tuna haya. Unguwannin da muka tashi a cikinsu muna biyan ɗan abin da ya sawwaƙa, rusau ya ci da yawa, a Jidda tun ƙarshen 2021, a Makka ma ka gani da idonka. Shiga falat yanzu da kwantiragin Ejar ne, shafin gwamnati na rajistar haya, mai gida kuma ba ya sanin akwai watan Janairu a sana'arka.

To ga abin da za ka tambayi kamfanin kafin ka sake buɗe baki gaban Kawu. Wa zai zama mai ɗaukarka a takarda, su da kansu ko wani kamfanin da ke ba su hayar ma'aikata? Shekara nawa suka rage a kwangilarsu da otal ɗin? Irin waɗannan kwangiloli na ƙarewa, wani kamfani ya karɓa, ko da yake sabon kan riƙe wanda ya san ginin. Kwantiragin zai zo maka ta Qiwa, shafin intanet na ma'aikatar ƙwadago, ka karanta kafin ka amince, to abin da aka faɗa maka da baki ya zama shi ne a rubuce, da asalin albashi daban, alawus daban, domin a kan asalin ake lissafa ƙarin awa. Wace sana'a za su rubuta maka a igama? In har yanzu "amil" ce a kanta, wato lebura, ka tambayi mu'aƙƙibinsu, mai bi musu takardu a ofisoshin gwamnati, abin da ake buƙata a gyara ta, domin tun 2021 akwai jarrabawar sana'a ta ma'aikatar ƙwadago, ta rubutu da ta hannu, sanyaya ɗakuna na cikin sana'o'in da ta shafa, wasu muƙaman fanni kuma sai da takardar shaida da rajista a Majalisar Injiniyoyi ta Saudiyya. Tambaya mafi nauyi a wurina ita ce: a ɗakin cila za ka tsaya, ko a hawa-hawa za a riƙa aikenka wankin filta da amsa kiran "ɗakina ba sanyi"? In na biyun ne kawai, ba alkawarin saukowa ƙasa, to Kawu ya yi gaskiya, ka bar sana'a ka koma ƙasa da ita. Kada ka tsaya ga bakin manaja. Ka nemi ɗaya daga ma'aikatansu, Basudane ko Bahindiye, ka saya masa shayi, ka tambaye shi ranar nawa ga wata albashi ke shiga.

Akwai kuma iyaka da ya kamata ka sani tun yanzu. Kai ba ɗan ƙasa ba ne a takarda, ko da a nan aka yanke maka cibiya. Tun 2011 tsarin Nitaƙat ke ware wa 'yan ƙasa kasonsu a kamfanoni, ya kuma kai ga ayyukan injiniya, don haka kujerar sama ba lallai ta zo gare ka ba. Abin da ba a iya karɓewa shi ne abin da ke kanka da takardar da ke tabbatar da shi. Ka nemi kwas ɗin yamma a cibiyar da hukumar koyar da sana'o'i TVTC ta ba lasisi. Duk lokacin da injiniyoyin York ko Carrier ko Trane suka zo babban gyara, ka manne musu ko ba wardiyyarka ba ce, ka riƙe musu fitila, ka yi tambaya. Ka koyi karanta zanen wayoyi, ka koyi allon BMS da ke nuna gini duka a kwamfuta. Larabcinka na haihuwa zai ɗaga ka a kan abokan aiki da yawa wajen magana da masu gini, amma littattafan injinan da saƙon da ke fitowa a allo da Turanci suke, sai ka dage. Ƙasar da ke burin karɓar masu Umra miliyan 30 a shekara nan da 2030, ga baje kolin duniya a Riyad a shekarar, ga gasar cin kofin duniya a 2034, ba za ta daina gina otal ba nan kusa. In kuma wata rana ƙaddara ta kai ka Kano ko Abuja, asibiti da otal da filin jirgi na can ma ruwan sanyi suke zagayawa da shi, bambancin da za ka fara lura da shi shi ne wutarsu 50 take bugawa a daƙiƙa, tamu ta nan 60.

Shawarar abokinka kashi biyu ce, kuma kashi na biyu ka zubar da shi yau. Ma'aikacin da igamarsa ke kan kamfani doka ta hana shi yi wa wani aiki ko yi wa kansa, hukuncin na iya kai wa ga tara da tarhil, wato kora daga ƙasar. Kai da ba ka san kowa a Nijeriya ba sai a waya, kada ka sayar da zamanka kusa da Umma a kan wankin sifilit biyu ranar Juma'a. Ban da haka, wanda ya fito wardiyyar dare ya wuce gyara a gidajen mutane, da daddare barci zai yi a gaban boila. Kashi na farko kuwa akwai gaskiya a ciki. Tun watan Maris na 2021 ma'aikacin kamfani na iya komawa wani wurin ba da yardar mai ɗaukarsa ba idan ya cika sharuɗɗa. Amma an yi wannan ne don wanda kafili ya danne, kai kuwa kafilinka yayan mahaifiyarka ne. Idan saƙon naƙali ya faɗo wa Kawu a waya bai san da maganar ba, doka za ta ba ka gaskiya, dangi kuwa har a bikin jikokinka za su riƙa tuna maka.

Ina jin ba injin Kawu ya raina ba. Dattijo ne ya waiga ya ga hannun da ya dogara da shi zai fita, ga ƙarfi na raguwa, wataƙila ma a ransa ya riga ya gama tsara cewa kai za ka gaji shagon ka riƙe 'yarsa, bai dai faɗa ba. Irin su ba sa cewa "ina tsoro", sai su yi gatse. Saboda haka amsar da za ka kai masa ba bayanin cila ba ne. Ka fara da Umma, ka zaunar da ita ka nuna mata lissafin wata goma sha biyun nan, domin haƙurin da take ba ka na tsoron rabuwar zumunci ne, ba na sanin aikin ba. In ta gamsu, ku nemi dattijon da Kawu ke jin nauyinsa, limamin unguwa ko abokin mahaifinka, ku je gida, ba shago ba. Ka durƙusa ka ce izini ka zo nema da albarka. Ka je da abu a hannu: ba za ka tafi a tsakiyar zafi ba, za ka tsaya ka horar da yaron da zai maye gurbinka har ya iya walda da cika gas shi kaɗai, kuma ka faɗi ranar da kake so ka fara. Kamfani mai hankali zai jira ka wata ɗaya ko biyu, tunda naƙalin ma kansa yana ɗaukar lokaci. Ka faɗa masa a gaban dattijon cewa abin da ya koya maka ne ya sa suka neme ka, domin gaskiya ce, kuma yana bukatar ya ji ta a gaban mutane. Albashin farko in ya shigo, ka cire wani abu ka kai masa da hannunka. Zai ce ba ya so. Ka ajiye ka tashi.

In duk da haka ya ƙi, ka ƙara masa lokacin zafi ɗaya a shagon, ka yi amfani da watannin ka yi kwas ka ci jarrabawar sana'a, ka sake komawa da dattijon. In ya sake ƙi, Umma kuma ta yarda, to ka sanar da shi baki da baki cewa za ka nemi naƙali, sannan ka nema. Wannan ba butulci ba ne. Shekara goma sha ɗaya ka yi masa aiki, kuma riƙon maraya ba sayensa ba ne. Ka ci gaba da zuwa gaishe shi kowace Juma'a ko zai kau da kai.

Maganar yarinya kada ta shigo wannan zaman ko da wasa, kada kuma ka mai da ita 'yar aike tsakaninka da mahaifinta, kada ta roƙa maka, kada ta yi fushi a madadinka. In ka haɗa biyun, Kawu zai ga ciniki ka zo yi, ko shi ya mai da ita abin ciniki, ita ce kuma za ta sha wahala. Ni dai a ganina fitarka daga shagon ma gyara ce ga auren. Mutum ɗaya ya zama kawunka, kafilinka, mai raba maka kaso, sannan surukinka, duk saɓanin da aka yi a kan kuɗin kwamfiresa da rana zai biyo ka gida da dare, matarka ta rasa inda za ta sa kanta. Ka bari ka wuce watannin gwaji, waɗanda kwantiragin zai faɗi adadinsu, igama ta fito da sunan kamfanin, albashi ya shiga banki sau uku ko huɗu. Sannan baffanninka su je neman aure kamar yadda ake yi, da goro da dabino, a matsayin masu nema wa ɗansu mai aikin yi. Ita kuma ka faɗa mata tun yanzu cewa wardiyya na juyawa, akwai makon da za ta kwana ita kaɗai, akwai Sallar da za ka yi a ƙarƙashin otal, ta san abin da take amsawa.

Ka yi istihara, ka je ka yi wa kamfanin tambayoyin nan. In sun turo kwantiragin ta Qiwa, kada ka danna amincewa a ranar. Ka kai wa wanda ya daɗe a aikin kamfani ya karanta maka, musamman wurin sana'a, da wurin aiki, da tsawon gwaji, sannan ka rubuto mini abin da suka ce game da ɗakin cila.